Biyan kuɗin wata don wasannin waya: abin da masu wasa suka ce

Da aka baje maganar ko biyan kuɗin wata don samun wasannin waya yana da riba, bakin masu wasa ya zo ɗaya a kan abu guda: babbar ribar tsarin ita ce hutawa da talla. Apple Arcade da Google Play Pass, tsare-tsaren biyan wata na kamfanonin Apple da Google, waɗanda duk suka fito a watan Satumba na 2019, suna cire talla da saye-sayen cikin wasa, irin wanda ake tsayar da kai sai ka biya kafin ka haye mataki. Iyaye suka fi yabawa, don yaro ba zai yi ta danne-danne ya kwashe kuɗin kati ba, kuma biya ɗaya yana isar mutum shida a gida.

Sai dai haya ce, ba mallaka ba. Ranar da ka daina biya, wasannin sun rufe. Ko kana biya ma, ana iya janye wasan da kake tsakiyar yi idan yarjejeniyarsa ta ƙare, kuma a ganina wannan ya fi komai ciwo. Wasu sun ƙara da cewa wasannin da ake rububinsu, irin su PUBG Mobile, dama kyauta ake sauke su, ba a Apple Arcade suke ba.

Shawarar da ta fi yawa: ka leƙa jerin wasannin tukuna. In ɗaya ko biyu kawai suka burge ka, gara ka saye su kai tsaye in ana sayarwa. Mai biyan Netflix ya duba can, tun 2021 akwai wasanni a ciki ba ƙarin kuɗi. Wanda zai gwada kuma ya kashe sabuntawar atomatik tun ranar farko, don a nan kuɗi ke zurarewa ba a sani ba.