Muna son saka zaman aiki a kamfani cikin digiri na biyu na sinadarai, amma a wane zango?

Malamar_Sashe ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni aka ɗora wa gyaran manhajar digiri na biyu a sashenmu na ilimin sinadarai, kuma akwai batu guda da duk zaman da kwamiti ya yi sai mun tashi baram-baram a kansa. Muna son ɗalibi ya tafi kamfani ya yi aiki na wasu watanni, aiki na gaske wanda za a biya shi, a lissafa masa cikin karatunsa, sannan ya dawo ya kare kundinsa.

Dalilinmu ba ɓoyayye ba ne. Yawancin waɗanda muke yayewa ba koyarwa za su yi ba, masana'antun magani da fenti da taki da ɗakunan tantance inganci suke nufa. Ɗaliba za ta zauna ta warware maka sakamakon NMR (na'urar gano tsarin ƙwayar sinadari) tsaf, ta nuna maka kowane haidirojin inda yake zaune, amma ranar ganawar neman aiki a tambaye ta yadda ake tabbatar da sahihancin hanyar awo a na'urar HPLC, mai rarrabe sinadaran da ke cikin samfur ta auna su, sai ta yi tsuru-tsuru. Ba laifinta ba ne, mu ne ba mu koya mata ba.

Na bi tarihin wannan tsari na haɗa karatu da aiki. Herman Schneider ne ya fara shi a Jami'ar Cincinnati ta Amurka a 1906, ɗaliban injiniya suna mako guda a aji, mako guda a masana'anta. Northeastern ta bi sahu a 1909, ita kuwa Waterloo ta Kanada tun kafuwarta a 1957 a kan wannan tsari ta ginu, ɗalibi yana fita aiki wata huɗu-huɗu. To amma duk waɗannan da digiri na farko suka yi suna, inda karatu yake a yanke, kwas bayan kwas. Digiri na biyu bincike ne, kuma bincike ba ya son a ɗaga masa ƙafa.

Namu shekara biyu ne, ta farko darussa, ta biyu ɗakin gwaji. Wasu a kwamitin sun ce a tura ɗalibi da zarar ya gama darussa. Wasu sun ce sai a ƙarshe, bayan ya gama gwaje-gwajensa, rubutu kawai ya rage. Ni na fi karkata ga na farkon. Tambayata ita ce: wane lokaci ya fi, wata nawa ya isa, kuma ana iya saka abin da ɗalibi ya yi a kamfani cikin kundinsa? Waɗanda suka taɓa abin da hannunsu nake son ji.

Mai_Tukunyar_Haɗi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni a sashen haɓaka hanyoyin haɗa magani nake aiki, kuma ɗalibai irin waɗannan suna zuwa hannuna. Don Allah kada ku turo mana kowa na wata uku. Watan farko gaba ɗaya horon kiyaye haɗari ne da karanta ƙa'idojin aiki yana sa hannu cewa ya karanta. Ba zai taɓa na'ura shi kaɗai ba sai an rubuta cewa an horar da shi a kanta. Yana fara zama mai amfani, sai ka ji ya zo sallama. Wata shida ne mafi ƙaranci.

Ranar farko littafin aiki nake miƙa wa ɗalibi. Ya rubuta 4.52, ya ga ashe 4.25 ne, sai hannu ya tafi zai murje lambar da biro. Nan nake riƙe hannun. Layi ɗaya za ka ja a kai yadda tsohuwar lambar za ta ci gaba da karantuwa, ka rubuta sabuwar a gefe, ka sa harufan sunanka da kwanan wata da dalilin gyaran. A tsarin GMP, wato ƙa'idojin kyakkyawan sarrafa magani, abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Ɗalibai suna ganin tsanani ne, sai ranar da masu binciken hukuma suka zo suka buɗe shafin bara suna tambayar wa ya canza wannan lamba.

Amma babban abin da ba za su samu a wurinku ba shi ne girman haɗi. A jami'a haɗin yana cikin 'yar kwalba, in ya ɗau zafi ka tsoma ta cikin ƙanƙara, shi ke nan. Ka tashi daga lita 1 zuwa lita 1,000, abin da ke ciki ya ninka sau dubu, bangon tukunyar da zafi ke fita ta cikinsa kuwa sau ɗari kawai ya ninka. Wato kowace lita ta samu kashi ɗaya bisa goma na sanyayawar da take samu a da. A Disamban 2007 wata masana'anta mai suna T2 Laboratories a Jacksonville ta jihar Florida ta tarwatse, mutum huɗu suka rasu, saboda sanyayawa ta gaza, haɗin ya ƙwace. Hukumar da ta binciki lamarin har shawara ta bayar cewa a saka haɗarin irin wannan haɗi cikin manhajar injiniyoyin sinadarai. Ɗalibin da ya tsaya gaban tukunya yana kallon ma'aunin zafi yana hawa a hankali yayin da ake ɗigo da sinadari, ba zai sake rubuta "a zuba gaba ɗaya" a takarda ba.

Haka batun ruwan narkarwa. Ɗalibanku sun saba da dichloromethane da tace abu ta dogon bututun silika. Mu a nan bututun silika sai dole ta yi dole, ƙanƙarar da abu muke yi ya fito da tsabtarsa. Kuma ƙa'idar ICH, majalisar ƙasa da ƙasa mai daidaita ƙa'idojin magani, ta yanke iyakar abin da zai saura a magani: dichloromethane kashi 600 cikin miliyan, benzin kashi 2 kacal. Ku koya musu wannan da ɗan lissafin ƙididdiga kafin su zo, ku turo su bayan darussa. Ina tare da ke a nan.

Tsohon_Farfesa ya rubuta:

Malama, sannu da ƙoƙari. Bari in zama mai ɓata biki, tunda kowa zai yaba.

Wa zai riƙe binciken in ɗalibi ya tafi? Tallafin da na samo yana da wa'adi, masu ba da shi ba ruwansu da cewa yarona yana wani kamfani. In kuka tura shi a tsakiyar aiki, zai dawo ya tarar da sinadaran da ya sha wuya ya haɗa sun lalace a firji, wasu ba sa jure iska da laima ko na mako biyu, layinsa a na'ura an ba wani, hannunsa kuma ya yi sanyi. In kuka tura shi a ƙarshe, to ku yi masa bankwana. Kamfani zai ga yaro mai ƙwazo ya ce ga aiki na dindindin, albashi ya fara shiga, babi na huɗu kuma ya kwanta har abada. Na ga wannan ba sau ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na biyu, ba kowane kamfani ne irin na wannan bawan Allah da ya yi magana a sama ba. Wani wurin za a zaunar da ɗalibi gaban na'ura guda yana cusa samfur daga safe zuwa yamma, wata shida cur. Wannan aikin mai difloma ne, kuma ba raini nake yi ba, amma ba shi ne digiri na biyu ba. In za ku ba shi maki a kan haka, kun rage darajar takardarku da hannunku.

Inda na ga abin ya zauna, tun farko aka ɗaura binciken da kamfanin. A Faransa akwai tsarin CIFRE tun 1981: kamfani ne yake ɗaukar ɗalibin digiri na uku aiki na shekara uku, gwamnati ta tallafa wa kamfanin, ɗakin gwajin jami'a ya kula da ɓangaren ilimi, batun binciken kuma guda ne. A Birtaniya akwai guraben CASE, inda ɗalibi yake da mai duba aiki a jami'a da wani a kamfani, kuma dole ya yi aƙalla wata uku a can. Kin ga a duka biyun ba a cire ɗalibi daga bincikensa ba, wurin zama kawai ya canza.

Shawarata: ku raba hanya biyu. Mai son koyarwa ko digiri na uku ya zauna a ɗakin gwaji shekararsa cikakkiya. Mai son masana'anta ya bi ta kamfani, ku ƙara masa zango guda in ta kama. Kada ku tilasta wa kowa.

Ƴar_Lab ta rubuta:

Ranka ya daɗe Farfesa, ka yi gaskiya a kan masu tafiya ba su dawo ba, cikin 'yan ajinmu ma akwai. Amma Malama, tambayarki ta uku ce ta sa na shigo, domin ita ce ta ci ni.

Na yi zamana a wani kamfanin da ke yin sinadaran shafe ƙarfe don hana tsatsa. Aikin ya yi kyau fiye da yadda kowa ya zata, mai duba aikina ya ce wannan ai shi ne zuciyar kundin. Na rubuta, na haɗa jadawalai, sai aka ce kafin ya je wurin mai jarrabawa na waje dole lauyoyin kamfani su gani, saboda takardar riƙe sirri da na sa wa hannu ranar da na fara aiki. Da kundin ya dawo, sunan kowane sinadari an mai da shi "A" da "B" da "C", an cire adadin da aka zuba, an cire zafin da aka gasa. Ranar kare kundi mai jarrabawa ya ɗago shafin ya ce, "Ƴata, mene ne B?" Na ce ba ni da izinin faɗa. Ya rufe kundin ya dubi mai duba aikina. Sai da aka shirya sabon zama a rufe, shi ma mai jarrabawar ya sa hannu a takardar sirri, 'yan ajinmu kuwa sun riga sun karɓi sakamako.

Daga baya na gane kamfanin ba mugunta yake yi ba. Kundi da aka ajiye a laburare inda kowa zai iya ɗauka, a dokar haƙƙin ƙirƙira bayyanawa ce ga jama'a. A Turai in abu ya fita kafin a shigar da takardar neman haƙƙi, an rasa shi. Amurka kuwa tana ba mai ƙirƙira rangwamen shekara guda. Saboda haka dole su riƙe har sai sun shigar da tasu. Abin da ya ɓace shi ne yarjejeniya tsakanin jami'a da kamfani: ni kaɗai na sa hannu, jami'a ba ta ma ga takardar ba.

Don haka kafin ɗalibi na farko ya taka ƙofar kamfani, a rubuta wa ke da sakamakon, kwana nawa kamfani yake da shi ya duba rubutu ya mayar, shekara nawa za a iya kulle kundi, kuma wane ɓangare ne ɗalibi zai iya bugawa a mujalla. Ɗalibin da ke son ci gaba zuwa digiri na uku, in ba shi da abin da zai nuna, an cuce shi ko da an biya shi albashi mai kyau.

Sai ɗalibai baƙi, in kuna da su. Izinin karatu ba izinin aiki ba ne. A Amurka, misali, mai bizar karatu ta F-1 sai aikin ya zama ɓangare na manhaja kafin a ba shi izinin CPT, wato izinin aiki a lokacin karatu, kuma in ya cika wata 12 yana yin sa na cikakken lokaci, ya rasa damar OPT, wato izinin aiki na bayan kammalawa. Kowace ƙasa da tata dokar, amma ku ba zaman lambar kwas da maki, yana sauƙaƙa abubuwa da yawa.

Mai_Tukunyar_Haɗi ya rubuta:

Farfesa, Allah ya ƙara girma, ban musa ba, akwai masu neman hannun aiki mai araha. Maganinsu ɗaya: kada sashe ya amince da gurbi sai kamfani ya kawo shafi guda da ya bayyana tambayar da ɗalibin zai amsa da sunan wanda zai kula da shi. Wanda ya kasa rubuta shafi guda ba shi da aikin da ya dace da mai digiri na biyu. Kuma malami ya zo da ƙafarsa ko sau ɗaya a tsakiyar zaman, ya zauna da ɗalibin ba tare da mu a ɗakin ba.

Ƙanwata Ƴar_Lab, ni abin da nake yi yanzu shi ne in ware wa ɗalibi aikin da ba ya taɓa sirrinmu, kamar gina hanyar awo a kan sinadarin da kowa ya sani. Lauyoyi ba sa riƙe irin wannan.

Malamar_Sashe ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan kai wa kwamiti: hanya biyu kamar yadda Farfesa ya ce, wata shida bayan darussa kafin a fara gwaji, kuma ba a tura kowa sai jami'a da kamfani sun sa hannu a yarjejeniya guda. Inda na saɓa da kai, ranka ya daɗe, shi ne ƙarin zango. Ɗaliban da suka fi bukatar wannan hanya su ne waɗanda ba za su iya ɗaukar nauyin ƙarin wata shida ba, don haka gara kundin masu bin kamfani ya zama ƙarami, a gina shi a kan aikin da suka yi a can, mai jarrabawa kuma ya san haka tun farko.

Saura abu ɗaya da na san magatakarda zai fara tambaya. In asid ya fallatsa wa ɗalibi a ido a harabar kamfani, inshorar wa za ta ɗauka, ta jami'a ko ta kamfanin? Malam Mai_Tukunya, ku a wurinku ma'aikaci kuke rubuta shi ko baƙo?