Adakokin littattafan Baba: in aika Kano ko su zauna a Kumasi?

Ɗan Akwatia Line
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma lokaci ya matse ni. Baba ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. An raba gado, ɗakinsa ya faɗo a rabon ƙannena mata, sun kuma riga sun yi magana da ɗan haya, zai shigo bayan Babbar Sallah. Abin da ya rage a ɗakin adaka uku ne na littattafai.

Baba fataucin goro yake yi, amma duk wanda ya san shi ya san kuɗin littafi ne kaɗai ba ya jin ciwon fitarwa. In ya kai kaya Agege ko Kano, huhun goro ke tafiya, littafi ke dawowa. Mma ta yi ta faɗa, wai mazan mutane na kawo atamfa shi yana kawo takarda. A cinyarsa na koyi karatun Hausa, da tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya kama yatsana yana bin baƙi da shi, nasa yatsun duk jan goro. Akwai bugun Zariya, akwai na Larabci bugun Misra, sai gafaka biyu na rubutun hannu da ya ce na kakansa ne tun zaman Salaga, tsohon garin fatake na arewacin Gana.

Ni ɗaki ɗaya nake haya a Sawaba, kun kuwa san Sawaba da damina. Baffana da ke Fagge ya ce in aiko masa, yana da wuri. Raina ba ya so, amma ba zan iya kallon ruwa ya ci su ba. Wanda ya aika kaya mai nauyi Kano ta mota kwanan nan, nawa ake biya kan adaka? Ta wace hanya? Kwastan suna taɓa littafi? Don Allah ban da maganar sayarwa, ban da jirgi, ba ni da ƙarfinsa.

Abu Hamza, Amurka
Allah Ya gafarta wa Baba. Ka sa su a jirgi kawai daga Accra, hankalinka kwance. Ni haka nake yi da duk kayana.

Mai Shago Alabar
Kawo na Larabcin in duba. In bugun da ne mai jar takarda, akwai malaman da ke nema ido rufe, za ka sami kuɗi mai kauri.

Direban Kudu
Ɗan'uwa, hanya ɗaya ce yanzu, ta bakin teku. Kumasi zuwa Accra, Aflao, Lome, Kwatano, Seme, Legas. Iyaka uku ke nan. A Legas sai an sauke an canza mota, ka sami mutum a Agege ko Mile 12 da zai ɗora maka a motar Kano. Ta arewa kuwa, Bawku, Burkina, Nijar, Maraɗi, wadda iyayenmu suka bi, ba wanda zan ba shawarar ya bi ta da halin da ake ciki. Kuɗi, ka ɗauka sidi 700, kuɗinmu na Gana, kowace adaka zuwa Legas. Ka naɗe littattafan a leda kafin ka mayar ciki, ka kuma ba direba makulli. In kwastan suka ce a buɗe babu makulli, fasa kwaɗon za su yi, adakar ta ƙarasa tafiya a buɗe.

Maman Safiya
Sidi 700? A wace shekara? Adakar kayan auren ɗiyar yayata na aika, sidi 1,800 na biya, kuma da ta isa Legas sai da aka sake kirana wai kuɗin boda bai isa ba.

Direban Kudu
Kayan aure daban, Hajiya. Atamfa da leshi ai haja ce a idon kwastan. Tsohon littafi wa zai yi wa kuɗi?

Baban Tafo
Ni kyauta aka kai mini buhun littattafai har Sakkwato, a saman motar goro. Direban ya ce ba ya karɓar kuɗin ɗaukar ilimi. Abin sanayya ne.

Hajiya Kaka
Yarona, jikata ce ke rubuta mini wannan, idona ba ya ganin waya. Ka saurare ni.

Ina yarinya aka yi korar baƙi ta zamanin Busia, firaministan Gana, ƙarshen 1969. Mako biyu aka ba mutane. Mahaifina a nan Kumasi aka haife shi, amma ba shi da takarda, wa yake da takarda a lokacin? Malami ne, yana da almajirai a zaure. Ya sayar da gado da keken ɗinkin Innarmu da tukwane a kuɗin banza, littattafansa kuwa ya ce ko allura ba zai bari ba. Muka hau babbar mota da adakokinsa.

A Aflao motoci sun yi layi iyakar ganinka, mutane na kwana a ƙasa, mata na haihuwa a gefen hanya. Motarmu ta lalace, aka ce mu koma wata da ta riga ta cika. Direban ya ce ko kaya ko mutane. Na ga mahaifina da idona ya zauna a kan adaka ya ƙi tashi, Innarmu na kuka da goyo a baya tana roƙonsa. Daga ƙarshe ya buɗe, ya riƙa ɗaukar littafi yana dubawa yana mayarwa, ya ɗauka ya mayar, direba na ta danna ham. Abin da ya iya cusawa a gaban rigarsa da wani zanen Inna, shi ya tsira. Sauran ya rufe, ya ɗora dutse a kan murfin, kamar zai dawo gobe.

Wannan ba shi ne ya fi ƙona mini rai ba. Da muka isa Kano, dangin nasa suka karɓe mu, amma 'yan Gana ake ce mana, ana dariyar Hausarmu. Bayan an tumɓuke Busia a 1972 ya ce zai dawo ya ga ko ƙasa ta lafa. Ya bar ɗan abin da ya tsira da shi a hannun ɗan baffansa, ajiya, da shaidu. Da ya aika a kawo, sai aka ce ai kyauta ya bayar. Har ya koma ga Allah yana ambaton wani littafin fiƙihu da mahaifinsa ya kwafa da hannunsa. Na je Kano bayan na yi aure, na shiga gidan, na ga littafin a kan taga an danne labule da shi. Na roƙa, matar gidan ta ce sai mai gida ya dawo. Bai dawo ba har na bar garin.

Kada ka aika. Abin da ya tsallaka iyaka ba ya dawowa.

Maman Safiya
Innalillahi. Hajiya kin sa ni hawaye. Kakata ma a korar nan ta rasa gidanta na Asawase, wanda ta bar wa amana ya ce saye ya yi.

Baban Tafo
Mu kuma 1983 ta same mu, da Najeriya ta rama. Ina Legas ina ɗinki. Da jaka ɗaya na dawo. Hajiya, ɗan baffan nan yana raye? 'Ya'yansa fa? Ai ana iya bin sawu.

Hajiya Kaka
Ya rasu tuntuni. An rushe gidan an yi shaguna. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ɗan Akwatia Line
Hajiya, Allah Ya saka wa Malam. Amma baffana ba haka yake ba, shi ya riƙe Baba a asibiti lokacin da ciwo ya kama shi a Kano. Har yanzu dai ban ji kuɗin Legas zuwa Kano ba, kuma tsakanin 700 da 1,800 da kyauta ban san wanne zan kama ba.

Sarkin Barkwanci
Ka bar su a Sawaba mana. A duk Zongo gara ce kaɗai ke sauke littafi daga bango zuwa bango, ko walima ba ta nema.

Malam na Asawase
Ana maganar ilimi kana wasa. Ɗan Akwatia Line, tambayar da ya kamata a fara yi maka ba a yi ba. Da aka raba gado, an sa littattafan nan a lissafi? In ba a sa ba, ba naka ba ne kai kaɗai. Mahaifiyarka tana da tumuni a ciki, ƙannenka mata suna da rabonsu, baffa kuwa ba ya gado inda akwai ɗa namiji. Ba ka da ikon kyautar da su sai kowa ya yarda da bakinsa. Mafi alheri ku haɗu ku yi waƙafi da su ga wata makaranta a nan, ladan ya riƙa isa ga mamaci.

Ɗalibar Legon
Malam ya yi gaskiya kan gado. Amma gafakan nan biyu su ne abin dubawa. Rubutun zamanin Salaga ba ƙaramin abu ba ne. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 malamai da fatake suka watse, wasu Kete Krachi, wasu Yeji, wasu Kumasi, kowa da littattafansa. Malam Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, almajiransa sun kwafi waƙoƙinsa na Hausa da Larabci sun bazu da su gidaje da yawa, ba mamaki akwai irinsu a hannunka. A Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'armu, Jami'ar Gana da ke Legon, akwai tarin irin waɗannan rubuce-rubuce da aka tattara tun shekarun 1960. Ko me za ka yanke, ka fara ɗaukar hoton kowane shafi da waya, da rana, ba tare da ka canza jerin ganyen ba, don ba a ɗinke suke ba, in suka cakuɗe sai mai ido. Kuma kada ka rufe su a leda su daɗe, gumi suke yi su yi funfuna.

Direban Kudu
Yanzu ledar ma laifi ce? Yarinya, kin taɓa ganin ruwan Kwatano ya sauka a kan mota?

Malam na Asawase
Rubutun kakanni ba ya fita daga gida zuwa hannun 'yan boko. Ke a takarda kika karanta Salaga, mu a bakin waɗanda iyayensu suka gudo muka ji ta.

Ɗalibar Legon
Allah Ya gafarta Malam, ban ce ya ba kowa ba, hoto na ce. Makarantar da kake cewa a kai waƙafi, ɗaki nawa ne a cikinta rufinsa ba ya yoyo?

Abu Hamza, Amurka
Shi ya sa na ce jirgi tun farko.

Sarkin Barkwanci
To Alhaji na Bronx, aiko da dalar mana, mu ma mu bi adakar mu gano Kano.

Mai Shago Alabar
Duk wanda bai taɓa cinikin littafi ba ya yi shiru. Waƙafi, waƙafi, wa zai karanta? Na Larabcin ma da sauƙi. Na Hausar boko shekara nawa suna kan kantata, ko mai taya su babu.

Tica Maryam
Nan ne ciwon yake. Ina koyarwa a makarantar Ingilishi da Larabci a Aboabo. Duk ajin Hausa suke yi, da ita suke faɗa, da ita suke wasa. Na rubuta jimla ɗaya a allo mai ƙ da ɗ, aka rasa mai karantawa, wani yaro ya ce Tica alli ne ya zame miki. Ba laifinsu ba ne. Hukumar harsunan Gana tana buga littattafai da harsuna 11, har da Dagbani da Gonja da Kasem, babu Hausa. Gidan rediyon ƙasa kuwa tun ina ƙarama yake karanta labarai da Hausa. Lokacin zaɓe kowane ɗan takara ya iya "sannu da zuwa". A aji ne kaɗai take zama baƙuwa.

Baban Tafo
Laifin iyaye ne, Tica. Baban wannan yaron gwamnati ce ta koya masa? A cinya ya ɗora ɗansa. Mu muna dawowa gida kowa ya kama waya.

Tica Maryam
Da wane littafi uban zai koyar? Ka zaga Kejetia kaf ka nemo mini littafin yara guda na Hausa. Sai an yi sautu daga Kano, ga kuma kuɗin mota da kuke ta musu a kai tun ɗazu.

Maman Safiya
Baƙuntar ai ba a aji ta tsaya ba. Na kai ɗana wani ofis neman takarda, ma'aikacin ya ce ina ne garinku. Yaro ya ce Kumasi. Ya ce a'a, garinku na asali. Na ce kakar kakarsa a nan aka binne ta. Ya ce in je in kawo shaida. Wanda ke bayanmu a layi, sunansa kawai ya faɗa aka buga masa hatimi.

Hajiya Kaka
Haka suka tambayi mahaifina a 1969.

Malam na Asawase
Wannan magana ta Sarkin Zongo ce da 'yan majalisarmu. An sha kai kuka. Tica, ku da kuka yi boko me ya hana ku rubuta takarda a sa hannu a masallatai?

Tica Maryam
Mun rubuta, Malam. Da muka kawo masallacinku aka ce mata su bari sai an yi shawara. Yaushe za a yi shawarar?

Direban Kudu
Ɗan Akwatia Line, na kira yaron motarmu, ya ce yanzu 950 ne, mai ya tashi. Maman Safiya, wane ofis ne wannan? Ni ma jibi zan kai nawa yaran, in ji abin da zan riƙe a hannu.