Hiace mai gado da kicin: za ta yi hidimar gida da doguwar tafiya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Idan aka gyara Toyota Hiace aka sa mata gado, firiji da kicin, za ta iya kai yara lakwal cikin Maradi, kuma ta yi tafiyar Yamai da iyali shida?

Makaniki: Wa alaikumus salam, Alhaji. Za ta yi, amma nauyi ne ke kashe ta. Litar ruwa kilo guda ce, tankin lita 60 ya isa. Katako mai kauri da kaya a kan rufi su ke karya sifirin baya, su sa ta layi a kwana. Ka nemi inji samfurin 5L mai gazuwal, kayansa na samuwa. Bel ɗin tayimin, wanda ke daidaita motsin bawul cikin inji, a canza shi duk kilomita 100,000, in ya tsinke bawul sun tafi. Lokacin hunturu a buge filtar iska kowane mako.

Mai gyaran wuta: Kada a haɗa firiji da batirin tada mota, da safe ba za ta tashi ba. Batiri na biyu, 100Ah, da rele tsakaninsu (makunnin da ke raba batiran biyu in mota ta tsaya), fanel ɗin sola 200W, fiyus kusa da batirin. Siririyar waya zafi take yi har ta kama wuta.

Direba: Yaya, Yamai ta haura kilomita 650 ta Konni da Doso, ka fita da asuba, ban da tafiyar dare. Yara kan kujera mai bel, ba kan gado ba. Butalin gas a ɗaure shi tsaye, a huda wa wurin da aka ajiye shi mafitar iska ta ƙasa. Cikin gari kuwa, wajen Babbar Kasuwa samun wurin ajiye ta aiki ne.