Tsanin loda mota a tirela: wane ƙarfe, kuma wane tsawo?

Mai tirela, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar tirela mai taya huɗu wadda nake ja da Hilux, ina ɗauko motocin da suka lalace a hanya tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Argungu, kuma idan aikin shinkafa ya kankama akan ba ni hayar kai injinan noma fadama. Tun da na fara sana'ar, katako biyu masu kauri nake jinginawa a bayan tirelar mota ta hau kansu. Ranar Talatar da ta wuce ɗaya ya yi ƙara ya tsage daidai wani ƙulli da ke jikin itacen, alhali tayar gaba ta wata Camry tana tsakiyarsa. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni, amma kuɗin bamba daga aljihuna ya fita. Yanzu na yanke shawarar yin tsani na ƙarfe. Tsayin dandamalin tirelar daga ƙasa santimita 60 ne. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yi ko suke aiki da shi su gaya mini abin da suka gani da idonsu.

Mai walda, Jega

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa. Na ƙera irin wannan tsani ga mutane da dama, kuma kusan kowa da maganar kaurin ƙarfe yake zuwa, alhali tsawo ne ya kamata a fara tsayarwa. Lissafin da nake bi shi ne tsawon tsani ya kai ninki huɗu na tsayin dandamali. A naka, santimita 60 sau huɗu ya ba da mita 2.4, wanda zai ba ka hawa mai kusurwar digiri 14 da ɗoriya. Idan ka yi mita ɗaya da rabi don gudun nauyi, kusurwar za ta haura digiri 23, kuma duk motar da cikinta yake kusa da ƙasa sai ta goga bamba a farkon hawa, ko salansa ta daki bakin dandamali lokacin da tayoyin gaba suka shige na baya suna ƙasa.

Sai dai tsawon ma da kuɗinsa yake zuwa. Ƙarfe iri ɗaya, nauyi iri ɗaya, idan ka ninka tsawonsa, wahalar da tsakiyarsa ke sha ta ninka, lotsawar da yake yi kuwa sau takwas take ƙaruwa. Wannan ne ya sa tsanin da ya ɗauki Hilux lafiya yana gajere yake komawa kamar baka idan aka ƙara masa tsawo da guntun ƙarfe. Ni chanal, wato dogon ƙarfen nan mai siffar U, mai faɗin milimita 100 nake sa wa kowane gefe, guda biyu a kowane tsani, kuma a tsaye nake ajiye shi, ba a kwance ba. Wanda yake shakka ya ɗauki katakon rufi ya taka shi a kwance, sa'annan ya juya shi a kan gefensa ya sake takawa, zai ga bambancin da ƙafarsa. Tsakanin chanal biyun nakan jera angul, wato ƙarfe mai siffar L, mai milimita 50, ƙoƙuwarsa tana kallon sama, da tazarar kamar santimita 15, faɗin tsanin kuma santimita 40. Ana sayar da chanal mita shida-shida, saboda haka biyu za su ishe ka, ragowar kuma kada ka bar wa mai walda, za ta yi amfani.

Abin da ba na ɓoye wa kowa shi ne nauyi. Kowace mita ta wannan chanal tana kusan kilo 10, don haka tsani ɗaya zai haura kilo 60, kuma mutum ɗaya ba zai riƙa ɗaga shi kullum bayansa ya zauna lafiya ba.

Direba, Kamba

Malam mai walda ya yi bayani, amma ni abin da ya kusa hallaka ni ba karyewar tsani ba ne. Tsanina lafiyayye ne har gobe. Wata rana da la'asar muna loda wata babbar jif a wani wuri mai ɗan gangara, na ja birkin hannu na motar da ke jan tirelar, na koma baya ina yi wa direban jif ɗin ishara da hannu. Da tayoyinta suka hau ƙarshen dandamali, sai nauyin ya danne bayan tirelar ƙasa, gabanta ya ɗaga, ya cira tayoyin baya na motata daga ƙasa. Birkin hannu kuwa tayoyin baya kaɗai yake riƙewa. Ina tsaye ina kallo mota da tirela da jif suka fara silalewa gaba ɗaya, yaron motata yana bin su da dutse a hannu yana neman inda zai cusa. Wata bishiyar dogon yaro ce ta tare su bayan 'yan taku kaɗan.

Tun daga ranar na sa aka yi wa bayan tirelar ƙafafu biyu na ƙarfe masu sauka ƙasa a kulle su da fil, kuma ba na barin taya ta taɓa tsani sai an sa waigi a tayoyin tirela da na gaban motar. Ragowar chanal ɗin da Malam ya ambata, to ga aikinsa nan, Alhaji.

Bakanike, Yauri

Ni ƙarin da zan yi kaɗan ne. Ga mota mai ƙasa-ƙasa irin Honda Accord ko Camry, ko tsanin ya kai mita 2.4 ina shimfiɗa guntun katako a gabansa don tayar ta fara ɗagawa kafin bamba ta iso. Katakonka da bai tsage ba, ka yanka shi biyu ka ajiye.

Direban tarakta, Argungu

Ranka ya daɗe, tunda ka ce kana kai injinan noma fadama, ka yi watsi da duk wanda ya ba ka shawarar rufe saman tsanin da falan ƙarfe, ko da mai zanen nan ne da ake cewa ba ya santsi. A gareji gaskiya ne ba ya santsi. Amma tayar da ta fito daga lakar fadama tana shafe zanen a hawa ɗaya, kuma na taɓa ganin tarakta ta zame gefe a kansa har taya ɗaya ta rataya a iska. Jeren angul mai tazara shi ne daidai, domin lakar tana zubewa ƙasa ta tsakaninsu, haƙoran tayar kuma suna samun abin kamawa.

Game da hawan kansa, da baya nake hawa da tarakta, saboda nauyinta a baya yake, kuma idan aka hau tudu da gaba tana iya ɗaga kai ta kife a kan direbanta, musamman idan akwai garma a rataye. Haka nan tana da fedar birki biyu, ta hagu da ta dama, kuma wajibi ne a haɗe su da sakatarsu kafin a hau, domin idan ƙafa ta taka ɗaya kaɗai a kan tsani, tarakta juyawa za ta yi nan take. A lura kuma da cewa babbar tarakta ta wuce ƙarfin irin tirelar da Hilux ke ja, ko da tsanin ya ɗauke ta. Mu a ƙauye, idan babu tsani, mukan nemi gefen hanya mai tudu a ja bayan motar ya jingina da shi, amma da damina ƙasar tana iya zabtarewa.

Dillalin motoci, Birnin Kebbi

Na sayi na alminiyam na hannu a Kano saboda nauyin da ake magana, kuma gaskiya yaro ɗaya yana ɗaukar guda ya rataya ba tare da nishi ba, tunda nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe. Kuskurena shi ne ban fahimci cewa adadin nauyin da aka rubuta a jikinsa na tsanin biyu ne a haɗe ba. Da ya tsage wajen wata walda, mai waldarmu ya ce injinsa ba na wannan aikin ba ne, sai mai amfani da iskar argon, kuma ko an gyara, wurin da wuta ta taɓa ba ya komawa ƙarfinsa na da. Ƙari a kan haka, ba a barinsa ya kwana a waje, domin 'yan gwangwan sun san darajarsa fiye da mai shi.

Mai walda, Jega

Na manta da abu guda, kuma labarin ɗan'uwa na Kamba ne ya tuna mini. Kan tsanin ba jingina shi ake yi ba, rataya shi ake yi. A yi masa ƙugiya mai shiga wani dogon ƙarfe da aka yi wa walda a faɗin bayan tirela, yadda za a iya matsar da shi dama ko hagu gwargwadon faɗin tayoyin motar da za a loda. Mota mai ja da tayoyin baya, idan direba ya ba ta wuta alhali tayoyin suna kan tsani, tana iya harba shi baya kamar an cilla shi da hannu.

Mai tirela, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An gama aikin shekaranjiya: mita 2.4, chanal a tsaye, angul a jere, ƙugiya a kai, da ƙafafu biyu a baya daga ragowar ƙarfen. Kafin in ɗora motar kowa, Hilux ɗin wani abokina na sa aka tsayar da tayoyin gabanta a tsakiyar tsanin, na miƙa zare daga kai zuwa gindi, kuma da ƙyar na ga rata tsakanin zaren da ƙarfen. Maganar nauyi kuwa gaskiya ce, domin yaron motata ya riga ya fara ƙorafi. Mai waldar ya ba da shawarar a yi wa tsanin wurin ajiya a ƙarƙashin dandamali a riƙa tura shi ciki maimakon ɗagawa, kuma ranar Asabar zan mayar masa da tirelar ya auna ko akwai sarari tsakanin gindin dandamalin da gatari, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya.