Ƙanena na son shiga banga, in bar shi?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Watan jiya aka ɗauke mini moto a zaure, nan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi. Adashi na ci na saye shi, ko zubi ban gama ba. Ƙanena ke kabu-kabu da shi da rana, da dare in ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo biyu. Da asuba guntun sarƙar kawai na tarar a ƙasa. Na kai ƙara, aka rubuta, har yau shiru. Yanzu samarin layinmu sun kafa banga, kowane gida jikka ɗaya a wata, kuɗin tocila da usur da shayi. Yaron ya ce shiga zai yi, Inna sai kuka. Yaya zan yi?

Alhaji mai goro: Bar shi ya shiga, ɗana. Sojoji da jandarmomi suna can Madarunfa da Gidan Rumji da bakin dajin Baban Rafi suna fama da masu satar mutane. Wa ke da lokacin gadin zaurenka? Mu shekara uku muna yi, ko kaza ba ta ɓata ba.

Maman 'yan biyu: Alhaji, kaza ba ta ɓata ba, amma ɗana ya dawo daga karatun dare 'yan bangar unguwarmu suka tare shi da gora, wai ba su san fuskarsa ba. Jikka bakwai na kashe a magani. Uban wanda ya buge shi ko sannu.

Malamin lakwal: A tuna Zamfara. 'Yan sa-kai ma da yaƙi da satar shanu suka fara, aka koma kashe Fulani a kasuwanni, ramuwa ta biyo baya. A 2019 dubban 'yan gudun hijira suka kwararo mana ƙauyukan iyaka. In dole ne, mai unguwa ya kai sunayensu komisariya, in sun kama mutum su kira 17, lambar 'yan sanda, kada a taɓa shi.

Alhaji mai goro: Malam, wannan zancen allo ne. Kafin mota ta iso ɓarawo ya tsallaka Jibiya.

Wani tela: Kai ma me ya sa ka kwanar da moto a zaure? Ni keken ɗinkina aka ɗauke bara, kuma wallahi na san yaron.

Mai tambaya: Yayana, ɗaki ɗaya gare ni, mu shida. A kan gado zan ɗora shi? Kuma ƙanen nawa ba mai faɗa ba ne, Hajiya, zaman banza ne ya ishe shi tunda moton ya tafi. Na ma riga na biya jikkar.

Maman 'yan biyu: To shawarar me kake nema?

Alhaji mai goro: Ka turo mini shi gobe bayan la'asar, ina da gora mai kyau.