Shawarar masu otal bayan gasar Katar

Masu otal da suka tattauna kan Kofin Duniya na 2022 a Katar sun fi nanata abu ɗaya: kada a ci bashi a gina ɗakuna saboda baƙin wata guda. Katar ma hayar jiragen ruwa ta yi, ta kwantar da wasu 'yan kallo a Doha.

Sai batun ma'aikata. Dokar Katar ta 2020 ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a riyal 1,000 a wata, ta kuma ba ma'aikaci damar sauya aiki ba sai da izinin ubangidansa ba. Wanda bai kyautata wa kukunsa ba, in ji su, maƙwabci zai ɗauke shi. Kan tsawwala kuɗin ɗaki kuwa, baki bai zo ɗaya ba.