Zan je gida wata biyu, guardar zan rubuta wa mai gida ko mantener?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin gonar leda a Almería, ƙasar Sifaniya, zan je gida duba tsohuwa. Ina so mai gidan da nake haya ya ajiye min akwati biyu da keke, kar kuma ya sa wani a ɗakin. A WhatsApp zan rubuta masa da Sifaniyanci don in samu shaida. Guardar ko mantener? Wani ya ce tener ma ta isa.

Malam Bazazzage: Wa alaikumus salam. Ajiya dai guardar ce: "¿Me guarda las maletas hasta que vuelva?" Ɗakin ma haka. Mantener ta barin abu ne yadda yake, ko ɗaukar nauyi, kamar mantener a la familia. Tener kuwa ba ta ɗora masa amanar komai.

Hajiyar Malabo: Mu a kasuwa nan in ka miƙa wa mutum kaya ya riƙe maka a hannu, sujétame esto muke cewa.

Baban Zango: Ƙanena, ko me za ka rubuta, kar ka kuskura ka ce quédate con. Da zan bar Murcia na miƙa wa abokin ɗakina talabijin da bargo sabo fil a ledarsa, na ce "quédate con esto", nufina ajiya. Na dawo na tarar ya sayar. Da na yi magana ya ce ai kyauta na ba shi, har da shaidu biyu. Ita ce kalmar da ake gaya wa mai tasi in an bar masa canji. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Na Kumasi: Allah ya mayar da alheri, Baba. Shi ya sa ni trastero, wato ɗakin ajiyar kaya na haya, nake kamawa, yuro 30 a wata, makulli a aljihuna.

Hajiyar Malabo: Yuro 30 a ina? Ƙanwata a Barcelona 70 take biya, wurin ko katifa ba ya ɗauka.

Na Kumasi: Hajiya, ku da kuke Ikwatoriyal Gini, ku bar mu da muke ƙasar mu yi magana.

Malam Bazazzage: Haba ɗan'uwa, Sifaniyanci harshen hukuma ne a can, ta fi da yawanmu iya shi.

Ɗan Agadas: Ni kalma ɗaya na iya, aguanta, wato ka jure. Zafin cikin leda aguanta, albashi ya makara aguanta. Ita za ka rubuta masa kawai!

Baban Zango: Ka tuna min da retener. Mai gidana na baya ya riƙe min fianza, wato kuɗin ajiyar haya, wai na ɓata fenti, alhali dokar haya ta 1994 ta ce ajiyar wata ɗaya ce, kuma a mayar in an tashi.

Na Kumasi: Nawa wata biyu ya karɓa, ko rasit babu.

Ɗan Maraɗi: To Malam, in ina so kar ya ƙara kuɗin ɗakin kafin in dawo, nan ne mantener el precio za ta shigo?

Ɗan Agadas: Ka fara tambaya ko sunanka na cikin kwantiragin ma.